Bidina ya koma gidan jiya tun da aka buga bindiga a bayansa

Mai Bidi, Ƙofar Gayan

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni daɗewa da dawaki.

Ina da wani doki bidi ɗan Arewa, in aka bi ta haƙoransa bai wuce shekara biyar ba. Daga kasuwar Maigatari aka kawo mini shi bara da kaka. Ga wuya ga ƙirji, tafiyarsa kuwa ko wanda bai damu da doki ba sai ya waiwaya. Aibinsa ɗaya ne, tsoro. Farkon zuwansa, in iska ta kwaso leda ta gabansa sai ya nemi tsinke igiya. Buta ta faɗi, ya zabura. Mai keke napep ya danna ham a bakin layi, jikinsa ya ɗauki ɓari. Ko ƙuda za ka kore masa, da ka ɗaga hannu sai ya fizge kai sama, shi ya sa nake zaton ya sha duka a ka kafin ya shigo hannuna.

Na lallaɓa shi iya lallaɓawa. Ni nake ba shi harawa, ni nake masa wanka, ban bar wa yara ba. Na ɗaura leda a kan sanda ina kaɗa masa yana ɗaure a turke, yau da gobe har ya daina tsalle. Na sa yara suna buga galan da tsohon kwano kusa da shi, nan ma ya daina. Ya karɓi sirdi, ya karɓi linzami, na fara hawa. Bayan la'asar mukan fita kilisa tare da maƙwabcina a kan tsohon akawal ɗinsa, wato baƙin dokinsa, mu fita ta Ƙofar Gayan a nan Zariya, mu zaga ta bayan ganuwa mu dawo kafin kiran magariba. Waɗanda suka yi mini dariya ranar da aka sauke shi daga mota su ne suka dawo suna tambayar ko zan sayar.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi hawan angwancin wani abokina. Na ce to ga inda zai fara ganin taro, don burina in hau shi a tawagar hakiminmu ranar Hawan Daushe na Babbar Sallah. Ƙanena ne a kai, ni ina cikin masu hidimar ango. Sun tafi lafiya har sun doshi Babban Dodo, sai wani ya buga bindiga ta bayansu, kusa-kusa. Dokin nan ya yi taɓarya, wato ya miƙe a kan ƙafafun baya, ƙafafunsa na taɓa ƙasa ya kwasa da gudu ya faɗa wani lungu. Ƙanena ya faɗo, Allah ya taƙaita, gurjewa ce a gwiwa da kafaɗa. Ya kifar da tiren wata yarinya mai tallar gyaɗa, ita ma ba abin da ya same ta, na biya kuɗin gyaɗar. Da aka tare shi ya jiƙe sharkaf da gumi, bakinsa na jini.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Ledar da har shinshinawa yake yi, yanzu ko motsinta ya ji sai huci. Ya ga na ɗauko sirdi sai ya fara zagaya turke. Linzami kuwa ya datse haƙora, ya ɗaga kai inda hannuna ba ya kaiwa. Wasu na cewa doki in ya taɓa ka da mutum ya gane hanya, ba ya sake gyaruwa, in rabu da shi tun yana da daraja. Babana ma abin da ya ce ke nan. Ni kuma raina bai ba ni ba.

Shin wahalar da na sha ta tafi a banza ke nan? In akwai gyara, ta ina zan faro, kuma zai yiwu kafin Sallah? Saura kamar wata biyu.

Ɗan Sukuwa

Wa alaikumus salam. Malam, kai ka sangarta dokinka da wanka da shafa. Ka samo mahayi mai ƙarfin cinya, ya kai shi fili ya yi ta sukuwa da shi har sai ya kasa ɗaga ƙafa. Yana cikin wannan gajiyar a kawo mai bindiga ya buga a gabansa, ya sake bugawa. In ya yi taɓarya a zuba masa bulala tsakanin kunnuwa. Kwana nawa ne ya saba? Haka muka yi wa wani doki kili a unguwarmu, yanzu ko a kunnensa aka buga ba ya motsi. Kada ka sayar yanzu, faɗuwa za ka yi, duk birni an ji labarin.

Tsohon Zagi

Jikana ke rubutawa, ni ina faɗa masa.

Ɗana, Allah ya kiyaye gaba, a gaida mai jiki. Tun ƙarshen zamanin Sarkin Zazzau Aminu nake yankan ciyawar doki, na kuma yi wa ubangidana zagi a hawa tun farkon sarautar Sarki Shehu Idris, wanda aka naɗa a 1975, har ƙafa ta ce ta gaji. Don haka irin dokinka na ga da yawa.

Ka fara da yi wa Allah godiya da abin nan ya faru a hawan angwanci. Da ka ɓoye dokin nan sai ranar Daushe, da a Ƙofar Fada zai yi maka wannan aikin, inda mata da yara suke cike ba masaka tsinke, 'yan bindiga kuma suna bugawa ba ƙaƙƙautawa. Kuɗin gyaɗa kawai ka biya. Sai an yi ruwa ake sanin inda soro yake yoyo, kuma ba a rushe soro don ya yi yoyo, alama ake sawa a wurin a jira rana ta fito a yi yaɓe.

Tsoron da ka gani ranar Asabar yana nan cikinsa tuntuni, turke ne ya rufe maka ido. Ka ce kana kaɗa masa leda yana ɗaure har ya daina tsalle. To doki in ya ja igiya ya ja, ya ga ba mafita, zai tsaya. Amma tsayuwa iri biyu ce. Akwai ta wanda hankalinsa ya kwanta: ya sauke kai, leɓen ƙasa ya saki, yana lumshe ido, ya ɗage ƙafar baya ɗaya, ya yi ajiyar zuciya yana lasar baki. Akwai kuma ta wanda ya sandare: wuya a miƙe, farin ido a waje, ba ya ƙiftawa, wutsiya a matse, numfashi sama-sama. Daga nesa duk shiru ne. Na biyun nan hanya yake jira, ranar Asabar kuwa ya samu, tunda ba turke.

Mu yadda muke bambancewa, harawa muke miƙa masa. Dokin da ke cikin tsoro ba ya tauna. Ko ya karɓa zai riƙe ta a baki, ko ya riƙa fizga da sauri-sauri yana zare ido. In kuwa yana tauna a natse alhali ana buga galan, to ya wuce wannan wurin.

In nawa ne ga abin da zan yi. A ajiye sirdi da linzami tukuna. Ragama da doguwar igiya, a fili, ba a ɗaure ba. Yaro ya tsaya da ledar can nesa, inda dokin zai ɗaga kunne ya duba amma ba zai zabura ba. Wannan tazarar ita za ka nema, don in ka matso fiye da nan ya bar koyo ya koma neman tsira. In yana son motsi bar shi ya zagaya ka, kada ka kafe shi, yaro kuma ya ci gaba da kaɗawa a hankali daga inda yake. Da zarar dokin ya tsaya ya sauke kai, yaro ya ɓoye ledar ya ja baya. Nan ne mutane da yawa suke juya abin: doki ya yi tsalle su janye leda, ya tsaya su matso da ita. Ka ga sun koya masa cewa tsalle ne ke korar abin tsoro.

Sannan ka sa yaron ya ba da baya yana tafiya yana jan ledar a ƙasa, kai kuma kana biye da doki. Abin da ke gudunsa ba ya ba shi tsoro kamar abin da ke nufo shi. Za ka ga da kansa yana miƙa wuya yana son ya shinshina. Haka za ka yi da mai galan, haka da mai ganga in ka samu. Kuma ka riƙa sauya wuri. Doki yakan saba da abu a ƙofar gida, ka kai shi Tudun Wada ya nuna maka bai taɓa ganinsa ba.

A zamaninmu ba a ɗaukar sabon doki a jefa shi tsakiyar hawa. Sallar farko a hannu ake jansa, can bayan tawaga, a gefen tsohon doki wanda ya ga jiya ya ga yau. Ya ji kakaki da tambari da bindiga daga nesa, ya ga tsohon ko kunne bai kaɗa ba. Da ɗan'uwansa doki yake koyi fiye da yadda yake koyi da mu.

Kai kuma yaro mai bulala tsakanin kunnuwa, dokin da tun asali yake tsoron hannu shi za a ƙara wa duka a ka? Kilin unguwarku na yarda ba ya motsi. Ka miƙa masa harawa lokacin da ake bugawa, ka zo ka ba ni labari.

Amma kafin komai, mai bidi, amsa mini waɗannan. Wane linzami aka sa masa ranar? Wane kaya ke jikinsa? Me ya ci, yaushe aka ɗaura sirdi? Akawal ɗin maƙwabcinka yana wurin? Ka kuma tambayi ƙanenka, ba da faɗa ba, me hannunsa da ƙafarsa suka yi lokacin da bindigar ta tashi. Ƙarar bindiga ba ta fid da jini a bakin doki.

Mai Bidi, Ƙofar Gayan

Allah ya ƙara girma, Baba, Allah ya ja kwana. Maganar tsayuwa iri biyun nan ta tsaya mini a rai, don na tuna yadda yake riƙe harawa a baki in yara na buga galan.

Ga amsar tambayoyinku. Linzamin ba nasa ba ne. Na kullum ƙarami ne mara nauyi, ranar kuwa an aro na hawa, mai zobe da dogon harshe, don ya dace da kayan. An sa masa jalala mai nauyi, wato shimfiɗar ado ta sirdi, da kayan kai masu tuntaye suna reto a gefen idonsa, bai taɓa sa su ba. Tun da aka sa ranar bikin na ƙara masa dawa don ya murje. An ɗaura sirdi tun kafin azahar, ba a tashi ba sai bayan la'asar, yana tsaye a rana cikin dawakin da bai sani ba, kuma ba na jin ya sa wani abu a baki. Akawal ba ya nan, maƙwabcina ya yi tafiya.

Ƙanena ya ce shi ma ƙarar ta razana shi. Bai san lokacin da ya finciki linzami da hannu biyu ba, ya kuma matse ƙafa don kada ya faɗi, ga ƙaimi a dugadugansa. Yana fincikowa dokin ya miƙe.

Likitar Dabbobi, Samaru

Sannunku. Baba ya gama magana a kan horo, ni ta ɓangaren jiki zan ƙara, don daga amsar da Malam ya bayar ina ganin rabin wannan komawa bayan ciwo ne.

Malam, tsakanin haƙoran gaban doki da turamensa akwai fili mara haƙori, nan linzami ke zama. Siririn nama ne a kan ƙashi. Linzami mai zobe in aka fincike shi, harshensa na dukan ganɗa, zoben na matse haɓa, ƙarfen kuma na danne wannan filin. Daga nan jinin ya fito, ko daga harshe. Dokin da ke datse haƙora bayan haka ba taurin kai yake yi ba. Kada ƙarfe ya sake shiga bakinsa sai an duba an ga ya warke, don wani lokacin bugun har ƙashi yake kaiwa, ya ɗauki makonni. A shekarunsa ma bakin bai daɗe da gama sauyi ba. Sai wajen shekara biyar haƙoran doki na dindindin ke gama fitowa, fiƙar namiji kuma tsakanin shekara huɗu zuwa biyar take fasowa. Wasu dawakin suna da ɗan ƙaramin haƙori a gaban turamen sama, daidai inda linzami ke bugawa, ana cire shi. Turamen su kansu sukan yi kaifi a gefe su riƙa yankar kumatu, sai an goge su. Ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ko ka kira likita har gida. In ba a taɓa yi masa allurar tetanus ba a yi, doki na cikin dabbobin da cutar ta fi saurin kamawa.

Bayansa ma a duba. Ka bi gefe biyu na ƙashin baya da yatsu kana dannawa a hankali, daga doron kafaɗa zuwa ƙugu. In ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, akwai ciwo, kuma zai yiwu shi ya sa yake gudun sirdi.

Sai abinci. Tumbin doki ƙarami ne a kan girman jikinsa, kuma dare da rana yake fitar da ruwan tsami, da abinci ko babu. In aka sake shi a makiyaya yakan kwashe awa 14 zuwa 16 cikin 24 yana ci kaɗan-kaɗan. Dawa mai yawa da ciyawa kaɗan na sa doki zafin kai, tana kuma jawo gyambon ciki, balle a ce ya yini ba abin tauna. A rage dawar a hankali, a ƙara harawa da ciyawa. Dokin da ya kai kilo 350, bai kamata busasshiyar ciyawar da yake ci a rana ta gaza kilo 5 ba.

Yanzu ka duba abin da ya taru masa kafin bindigar: baƙon ƙarfe a baki, baƙon kaya, yunwa, rana, ga dawakin da bai sani ba, ba abokin tafiyarsa. Da ɗaya ne kaɗai ƙila da ya jure. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa in ban da daidai bayan wutsiyarsa da daf da goshinsa. Ƙarar ta zo daga inda ba ya gani, tuntaye sun tare masa gefe, kuma a daƙiƙar da ya ji ta zafi ya same shi a baki da haƙarƙari. A lissafinsa ƙarar ce ta ji masa ciwo.

Wahalarka ba ta tafi a banza ba. Tsoro ba ya gogewa daga ƙwaƙwalwar dabba, horo sabon sabo yake ɗorawa a kansa. Firgita mai tsanani, ko baƙon wuri, ko dogon hutu, na iya sa tsohon tsoron ya taso. Amma sabon yana nan, shi ya sa galibi karo na biyu ya fi na farko sauri.

Ga wani gwajin da za ka haɗa da na harawa. Zuciyar dokin da ke hutawa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti. Akwai jijiya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta ciki. Ka ɗora yatsu, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ka fara sanin nasa na safe yana hutawa. In yana tsaye shiru a gaban leda amma bugun ya haura 60, ba a natse yake ba.

Na kuma san wani zai kawo maka shawarar a yi masa allurar kwantar da hankali a hau shi ranar Sallah. Kada ka yarda. Dokin da aka yi wa ita ƙafarsa ba ta da tabbas, kuma ƙara mai ƙarfi na iya zaburar da shi duk da allurar. Akwai ma irin da kan sa gaban ingarma ya zubo ya ƙi komawa.

Na Filin Polo

Ba zan yi wa Baba musu a kan hanya ba. Mu ma haka muke saba wa sabon doki da sanda, wata da watanni ana lilo da ita a gefen idonsa kafin a buga ƙwallo ko ɗaya. Inda na ɗan saɓa shi ne, kada a sa wa bawan Allah nan rai cewa kowane doki na hawan Sallah ne. Na ga dawakin da aka yi musu duk abin da ya kamata, suka zama dawakin kilisa masu daɗin hawa, amma taro da bindiga har suka tsufa ba su ɗauka ba. Halitta ce. Zai yiwu bidinka ya gyaru sarai, zai kuma yiwu ya tsaya a kilisa.

Wata biyun nan kuwa cire shi daga lissafi. Makonnin farko na jinyar baki ne. Kuma duk wanda ya sa wa doki rana sai ya tsallake wani mataki don ya cim mata. Ka nemi aron doki don Daushe.

Ba wanda ya taɓo mahayi, alhali shi ma yana buƙatar horo. In doki ya miƙe, sakin linzami ake yi, a kwanta gaba a kama geza ko a rungumi wuya. Wanda ya ja a wannan lokacin yana iya kifo dokin ta baya a kansa, da irin sirdinmu mai katako da tudu gaba da baya kuwa, wannan karaya ce ko abin da ya fi ta. In kuma ya kwasa da gudu, ja da hannu biyu ba ya tsayar da shi, madogara ma yake samu. Hannu ɗaya ake ja, a karkato kansa a sa shi zagaye in akwai fili, ana rage zagayen har ya tsaya. Tun yana tafiyar ƙasaita ake koya wa doki wannan, ba a bari sai ranar tsautsayi. In bakin ya warke ka nemo linzami mai gaɓa a tsakiya, mara harshe, irin da muke fara wa ƙananan dawaki da shi.

In kuma ka yanke sayarwa, ba abin kunya ba ne. Amma ka faɗa wa mai saye aibinsa da abin da ya faru ranar Asabar. Ka san hukuncin ɓoye aibi a ciniki, balle aibin da zai iya kashe ɗan wani.

Ɗan Sukuwa

To ku yi ta ƙirga bugun zuciya. Mu dai ranar Sallah da namu dawakin za mu fito.

Mai Bidi, Ƙofar Gayan

Na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa da alheri. Likita, an duba shi. Akwai yanka a dasashin ƙasa ta hagu, daidai mazaunin linzami, da wani a gefen harshe. An kuma ga ɗan haƙorin nan da kika faɗa, za a cire in yankan ya warke. Bayansa lafiya, sai 'yar ƙujewa inda majayin ɗaure sirdi ya matse. An yi allurar, dawa kuma na rage.

Baba, mun fara fita da ragama da sassafe, bayan ganuwa. Na lura da wani abu da ban taɓa sani ba tun zuwansa. In yaro na gaba yana jan leda ko yana buga galan, bidi na binsa, shekaranjiya har ya kai hanci ya taɓa galan ɗin. Amma da yaron ya zagayo ta bayansa, ko ba ya buga komai, sai tauna ta tsaya, wutsiya ta matse. Ta hagu abin ya fi tsananta. Duk kaɗa ledar da aka yi masa a turke ta gaba aka yi, bayansa ba a taɓa shi ba. Yanzu can muka mayar da aikin. Yaro ya bi ta gefe da nisa, ya ɗan wuce kafaɗa, ya dawo tun kafin ya daina tauna. Jiya ya kai daidai cinyarsa.

Maganar Daushe na haƙura, maƙwabcina ya ce in hau akawal. Babana har yanzu yana kan a sayar, na roƙe shi ya ba ni zuwa bayan damina. Tambayata gare ku, Baba: ranar hawan in sa a jawo shi a hannu bayan tawaga kamar yadda kuke yi a da, ko ya yi wuri?

Tsohon Zagi

Ya yi wuri, ɗana. Bayan tawaga na dokin da bai taɓa jin ciwo a cikin taro ba ne. Kuma in kana kan akawal, wa zai tsaya wa bidi?

Ranar Sallah da ranar Hawan Bariki ai akawal ba shi da aiki. Ku fitar da su biyun a hannu can bayan ganuwa, inda ƙarar bindiga ke zuwa a dushe. Kai ka riƙe igiyar da kanka. Fuskarsa ta dubi inda ƙarar ke fitowa, akawal a gabansa, harawa a ƙasa. In ya daina tauna ku ƙara nisa, in ya sake dainawa ku ja shi gida, ko da a bugu na farko ne. Ranar Daushe kuwa a bar shi a gida da harawa a gaba, a sassauta masa igiya, wani babba da ya saba da shi ya zauna kusa har a gama.